Shanun Dutsen Birnin Kudu: Doka Kaɗai Ba Ta Tsare Tarihi

A gefen garin Birnin Kudu na Jihar Jigawa, kimanin kilomita 130 kudu maso gabas da Kano, akwai wasu tarin duwatsu waɗanda matafiyi zai iya wucewa ta gabansu sau goma bai san abin da suka ƙunsa ba. A ƙarƙashin inuwar waɗannan duwatsu, musamman Dutsen Mesa da Dutsen Habude, mutanen da suka riga mu zama a wannan ƙasa sun zana surorin shanu da jan launi, wasu kuma da fari. Har ila yau akwai duwatsu masu amo, waɗanda idan aka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sai su yi ƙara tamkar kuge. Wani mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya gabatar da bayaninsu a taron masana tarihin Afirka na dauri da aka yi a Livingstone, cikin ƙasar da ake kira Zambiya a yau, a shekarar 1955. Tun cikin shekarun 1950 da 1960 gwamnati ta sanya su a jerin wuraren tarihi na ƙasa, kuma kula da su yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda Doka ta 77 ta shekarar 1979 ta kafa.

Mutane da yawa, da zarar sun ji an ce doka ta kare wuri, sai su ɗauka magana ta ƙare. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, doka mafarin aiki ce kawai. Doka da ɗan Adam take magana, alhali kuwa gara ba ta san doka ba, zanzaro bai iya karanta allon gargaɗi ba, saiwar ɓaure kuma ba ta tsoron tara. Wurin tarihi irin wannan mazaunin halittu ne, kuma tsare shi aiki ne na yau da gobe, na lura da aunawa da rubutawa, wanda babu mai iya ɗaukar nauyinsa sai mutanen da ke zaune kusa da shi, tare da makarantunsu.

Me ya haɗa masanin halittu da zanen dutse?

Duk ɗalibin da ya tashi a ƙasar Hausa, idan aka ce ya zana saniya, ba zai manta da tozo ba, domin da wuya ya taɓa ganin saniyar gida wadda ba ta da shi. Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Azawak da Wadara duk masu tozo ne. To amma shanun da aka zana a Birnin Kudu ba su da tozo. Bayansu a shafe yake tun daga wuya har gindin wutsiya, wasunsu masu dogayen ƙahoni, wasu masu gajeru. Wannan ba kuskuren mai zane ba ne, domin makiyayi ba ya kuskure siffar dabbarsa.

A ilmin halittu, shanun gida sun kasu gida biyu manya. Akwai marasa tozo, waɗanda masana ke kira Bos taurus, akwai kuma masu tozo, watau Bos indicus, waɗanda asalinsu daga yankin Indiya ne. Marasa tozo su ne suka fara yaɗuwa a Afirka. Tsakanin shekaru kimanin 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ƙasa ce mai ciyawa da tafkuna, kuma makiyaya sun bar dubban zane-zanen shanunsu a duwatsun Tasili na Aljeriya da na Azbin a Nijar. Da ƙasar ta soma bushewa, sai suka yi ta gangarowa kudu da dabbobinsu. Masu tozo daga baya suka shigo, suka kuma rinjayi na farko a ƙasashen Sahel, saboda sun fi jure zafi da ƙishirwa da doguwar tafiya. Masana da dama na ganin cewa annobar bushiya, wadda ta shigo nahiyar ta Eritiriya a 1887 ta hallaka mafi yawan shanun Afirka cikin 'yan shekaru, ta ƙara hanzarta wannan sauyi.

A yau daga cikin ragowar marasa tozo akwai Kuri na Tafkin Chadi, mai kumburarrun ƙahoni, da Muturu na kudanci da tsakiyar Nijeriya, da Ndama na ƙasar Gini. Muturu da Ndama suna da wata baiwa da masu tozo ba su da ita, watau jure cutar sammore wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, shi ya sa masu binciken kiwo suke ba su muhimmanci ƙwarai. Ke nan zanen Birnin Kudu shaida ce ta cewa irin waɗannan shanu sun taɓa yin kiwo a inda a yau babu su. Duk zanen da ya goge, an yi asarar hujja guda ta tarihin dabbobinmu da yanayin ƙasarmu, hujjar da babu ɗakin binciken da zai iya sake ƙera ta.

Maƙiyan da ba su san doka ba

Idan mai karatu ya matsa kusa da kowane falalen dutse, zai ga wasu tabbai masu launin toka ko kore ko ruwan ɗorawa, sun yi zagaye kamar makero a jikin mutum. Waɗannan halittu ne masu rai da ake kira laikin, kuma kowane ɗaya haɗin gwiwa ne na halittu biyu, fumfuna da gansakuka. Gansakuka tana haɗa abinci da hasken rana, ita kuwa fumfuna tana ba ta mafaka tana riƙe mata laima. Zaruruwan fumfunar suna kutsawa tsakanin ƙwayoyin dutse, su kumbura da damina, su motse da rani, har su sassauta fuskar dutsen. Bugu da ƙari, suna fitar da sinadarai masu tsami, irin su asid ɗin oksalik, waɗanda ke cin ma'adinan da ke cikinsa. Girman laikin 'yan milimitoci ne a shekara, saboda haka ido ba ya ganin tafiyarsa. Amma launin da magabata suka shafa, wanda galibi jar ƙasa ce mai tsatsar ƙarfe ko kuwa farar ƙasa, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba.

Gara ba ta cin dutse, amma takan gina hanyoyinta na laka a kansa domin ta tsere wa rana da tururuwa, kuma idan lakar ta ɓanɓare sai ta tafi da launi ko ta bar tabo. Zanzaro da tsattsewa su ma ƙarƙashin dutse mai inuwa suke so domin gina sheƙunansu na laka, watau daidai wurin da mai zane ya zaɓa. Kashin jemage da fitsarinsa suna ɗauke da gishirin naitirojin da fosfet. Waɗannan taki ne ga ƙananan halittu, sa'an nan idan ruwa ya narkar da su suka shiga ƙofofin dutse, in ya bushe sai su daskare su zama ƙwayoyi masu tsini, su ture launin daga ciki.

Sai kuma itatuwa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsuntsu ya ci ɓaure ko 'ya'yan cediya, ya kasayar da irin a cikin tsagar dutse, damina ta zo ya tsiro. Saiwar tana ƙara kauri kowace shekara, tana buɗa tsagar, har ruwan sama ya sami sabuwar hanya ya riƙa malala a kan fuskar da ta yi ɗaruruwan shekaru a bushe. Ruwa kuwa shi ne uban tafiya, domin laikin da gara da gishiri duk da shi suke aiki. Abin da ya sa waɗannan zane-zane suka kai zamaninmu shi ne an yi su a inda ruwa ba ya taɓawa. Ranar da wannan ya sauya, kwanansu ya soma ƙarewa.

Na ƙarshe ita ce wuta. Duwatsun wannan yanki na giranit ne, dutsen da ya ƙunshi ma'adinai daban-daban, kowanne da gwargwadon yadda yake buɗewa idan ya ji zafi. Idan busasshiyar ciyawa ta kama wuta a gindin dutse, ko mafarauci ya hura wuta a kogo domin hayaƙi ya fito masa da gafiya, fuskar dutsen takan yi zafi da sauri alhali cikinsa da sanyi, sai ta saluɓe kamar ɓawon albasa. Abin da laikin zai yi a shekara ɗari, wuta tana yin sa cikin sa'a guda.

Garin neman gira

Wani zai ce, to ai magani a bayyane yake, a ɗebo ruwa da soso a wanke, a kankare gidajen zanzaro, a fesa maganin ƙwari. A nan ne haɗari mafi girma yake, kuma ƙasashen da suka fi mu kuɗi da ƙwararru sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu.

A Faransa akwai kogon Lasko, wanda wasu samari suka gano a 1940, mai ɗauke da zanen shanu da dawakai na shekaru kimanin 17,000. An buɗe shi ga jama'a a 1948, har masu ziyara suka kai wajen 1,200 a rana. Numfashinsu ya ƙara laima da zafi da iskar kabon a cikin kogon, hasken fitilu kuma ya ba gansakuka damar tsiro, sai bango ya soma yin kore. Dole aka rufe shi a 1963. Duk da haka, a 2001, bayan an sauya na'urorin daidaita iska, sai wata farar fumfuna mai suna Fusarium solani ta mamaye kogon. Aka yi ta zuba magunguna, bayan 'yan shekaru sai ga baƙaƙen tabbai na wasu nau'o'in fumfuna sun bayyana. Dalili shi ne, kogo yana da jama'arsa ta ƙananan halittu waɗanda ke danne juna, kuma idan magani ya kashe wasu, waɗanda suka jure sai su sami fili. Mutanen da ke zuwa Lasko a yau kwaikwayon kogon suke shiga, wanda aka fara buɗe irinsa a 1983.

A Tasili kuwa, tawagar Henri Lhote da ta kwafi zane-zanen wurin a 1956 da 1957 ta riƙa jiƙa su da ruwa domin launinsu ya fito sosai, masu yawon buɗe ido da 'yan rakiyarsu suka ɗauki ɗabi'ar, kuma zane da yawa sun dusashe ta wannan hanya. Garin neman gira aka rasa ido.

Shi kansa gidan zanzaro ba abin kankarewa ba ne da garaje. A arewa maso yammacin Ostireliya, masu bincike sun lura cewa lakar da irin wannan ƙwaro ke gini da ita tana ɗauke da ɓurɓushin gawayi, wanda ake iya auna shekarunsa ta hanyar kabon-14, sinadarin da rabinsa ke narkewa duk bayan shekara 5,730. Gidan da ke ƙarƙashin launi ya girmi zanen, wanda ke samansa kuwa zanen ya girme shi. Da wannan dabara suka bayyana a 2021 cewa wani zanen kangaru ya kai shekara 17,300. Saboda haka wanda ya sa wuƙa ya kankare tsohon gidan zanzaro a Dutsen Mesa, mai yiwuwa ya zubar da abin da wata rana ɗalibinmu zai auna ya faɗa mana shekarun zanen. Haka nan maiƙon tafin hannu da toka da alli duk suna gurɓata irin wannan awo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hujjojin masu ja

Ba kowa ne zai yarda da ni ba, kuma ya kamata a saurari masu ja. Na farko shi ne mai cewa, ana fama da abinci da magani, wa ke ta zanen saniya? Mai fasa dutse yana sayar da tsakuwa ne domin ya ciyar da iyalinsa, kuma duk garin da ke bunƙasa yana buƙatar dutse domin gini da hanya. Wannan gaskiya ne. Amma duwatsu suna da yawa a Jigawa da Bauchi da Kano, masu zane kuwa 'yan ƙalilan ne. Abin da ake nema shi ne a shata iyaka, a nuna wa mai fasa dutse inda zai yi sana'arsa nesa da inda girgizar nakiya da ƙura za su kai ga zanen. Tsakuwar da aka sayar an ci kuɗinta sau ɗaya ne, wurin tarihi kuwa yana iya ciyar da mai gadi da ɗan rakiya da mai sayar da abinci shekara da shekaru.

Na biyu shi ne mai ganin cewa waɗannan abubuwa kayan mutanen da ne, ba su da alaƙa da mu, ko ma yana tsoron kada kula da su ya zama girmama abin da bai kamata ba. Amsa ita ce, babu wanda ya ce a durƙusa wa dutse. Likita yana adana hoton ƙashi ne domin ya karanta shi, haka mu ma muke adana zanen domin mu karanta yadda ƙasa da dabbobi da mutane suka sauya. Kuma alaƙar ba ta yanke ba kamar yadda ake zato, domin Fagg ya rubuta cewa a zamaninsa amare da ƙawayensu sukan ziyarci ɗaya daga cikin waɗannan duwatsu lokacin biki.

Na uku shi ne mai cewa a kewaye wurin da waya, a sa kwaɗo, a hana kowa shiga. Shinge yana da amfaninsa, musamman wajen hana awaki da shanu shiga inuwar dutse suna goga jikinsu a bango. Amma wurin da aka raba shi da mutanensa ya zama marar mai shi, kuma abin da ba shi da mai shi, shi ake fara sacewa, har da wayar shingen. A Dabus, arewa da Agadas, inda aka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babban cikinsu ya haura mita 5, abin da aka yi bayan an ɗauki kwafinsu a 1999 shi ne aka haƙa rijiya, aka kuma ɗauki Buzayen yankin su zama masu tsaro da rakiyar baƙi. A Sukur ta Jihar Adamawa, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, hanyoyin dutse da gandayen kan tudu sun daɗe ne saboda jama'ar wurin, ƙarƙashin sarkinsu Hidi, suna amfani da su suna gyara su.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, kowane dutse mai zane ya kamata ya sami littafinsa, kamar yadda majinyaci ke da kati a asibiti. A zaɓi wuri guda da za a riƙa tsayawa, a ɗauki hoto da ma'auni a gefe, ba tare da an taɓa bango ba, sau biyu a shekara, ƙarshen damina da ƙarshen rani. A rubuta faɗin kowane tabon laikin da ke kusa da zane, da adadin gidajen zanzaro, da sabuwar hanyar gara, da inda ruwa ya bi. Hoto guda ba ya faɗin kome, amma hotuna ashirin na shekara goma za su nuna abin da ke tafiya da saurinsa, su bambance abin da ke buƙatar gaggawa da wanda ya fi kyau a ƙyale.

Na biyu, a shata kewaye mai faɗi wanda ba a fasa dutse, ba a gini, ba a hura wuta a cikinsa, a kuma sa hakimi da dagatai da masu unguwanni cikin shata shi, domin iyakar da aka ja a ofis ba tare da su ba a takarda take tsayawa. Na uku, a riƙa nome busasshiyar ciyawa a gindin duwatsun da zarar damina ta ɗauke, kafin lokacin ƙunar daji. A cire ƙananan tsiron da ke cikin tsaga tun suna 'yan makonni, amma kada a sare manyan itatuwan da ke nesa kaɗan, domin suna tare iska da ƙurar hunturu da feshin ruwan sama. Na huɗu, a ƙayyade yawan masu shiga a lokaci guda, kowane ayari da ɗan rakiya. Na biyar, duk wani aiki da ya shafi taɓa fuskar zanen, ko wankewa ne ko kankarewa ko karkatar da ruwa, a bar wa ƙwararru da izinin hukuma.

Mai karatu zai lura cewa, ban da na ƙarshe, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar miliyoyin naira. Abin da suke buƙata shi ne mutane masu dawowa kowace shekara, kuma babu wanda ya kai makaranta dawowa kowace shekara. Birnin Kudu gari ne da ya yi suna da tsohuwar Kwalejin Gwamnati, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 ba nisa. Idan ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare a yankin ta ɗauki dutse guda, da amincewar hukuma da jagorancin malamin nazarin halittu, ɗalibai za su koyi zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka daga laikin na gaske, su koyi awo da adana bayanai, hukuma kuma ta sami idanun da ba ta da kuɗin ɗauka aiki.

Kammalawa

Wannan shawara ba ta tsaya ga Birnin Kudu ba. Akwai zane-zanen dutse a Geji da Shira cikin Jihar Bauchi, akwai kufai da ganuwoyi da tsofaffin matoyar ƙarfe a kusan kowace masarauta, kuma halittun da ke cin su iri ɗaya ne. Ina kira ga malamai da su nemi wurin tarihi mafi kusa da makarantarsu, su tuntuɓi ofishin hukumar da ke jiharsu, su buɗe masa littafi a wannan zangon karatu. Ku kuma ɗalibai, idan kun je, ku tafi da ido da alƙalami da takarda. Kada ku taɓa, kada ku jiƙa, kada ku rubuta sunanku a jikin dutse. Wanda ya zana waɗannan shanu bai bar mana sunansa ba, ya bar mana abin da ya gani ne, kuma hakkinsa a kanmu shi ne mu miƙa shi ga na bayanmu yadda muka same shi.